Dutin Dare a Jubail

Ƙarfe goma na karɓi littafin aiki
daga hannun Awadul-Karim, idonsa jawur.
"Bel na huɗu yana kuka tun la'asar," ya ce,
ya rataye hular kwano, ya nufi barci.

Jubail ba ta hucewa ko da dare.
Gumin teku ya biyo mu har gindin tanderu,
riga ta manne wa baya kamar tsohon bashi.

Na kafa sifana a gidan boris,
na kara kunne a ɗaya bakin.
Haka kakana Tanimu ke sauraron zuga-zugi,
ya gane hujin fata kafin wuta ta sani.
Ciki, tsakuwa ce ke taunar tsakuwa.

Ɗakin kula suka bugo:
"A bari sai safe, kowane minti riyal ne."
Na ce riyal ba ya mayar da yatsa.
Na kashe layin, na datse kwaɗo,
na jefa mabuɗin a aljihun ƙirji
inda hoton Talatu yake.

Mu bakwai ne.
Mizanur ya shige ƙarƙashi da tocila a baki,
Renato na zagin noti da yaren garinsu,
yaron nan Mish'al, wata biyu da zuwa,
ya miƙo giris kafin a tambaya.
Ban yabe shi ba. Na rubuta.

Abin da muke yi a nan ba narkarwa ba ne.
Tama na shiga ƙwallo-ƙwallo daga sama,
gas mai zafi ya ratsa ta,
ya zare abin da ta riƙo tun daga ƙasa.
Ta fito da kamanninta, ba nauyinta,
duk ramuka, kamar soso.
Kuma ba a bari ruwa ya taɓa ta:
in ta jiƙe, da kanta take ɗaukar zafi.

Shekarata goma sha ɗaya a nan.
Ba na kiran gida in ina duti.

Uku da rabi boris ya zauna.
Kafin in buɗe kwaɗo na ƙirga kawuna,
na sake ƙirgawa, na kira sunaye,
har Renato ya ce, "Mudir, ai ga mu."
Bel ya tashi, ba kuka, sai gurnani.

Ladan na kira daga masallacin ƙofar kamfani.
Na wanke hannu sau uku, baƙin bai fita ba,
na yi alwala a kansa.

A littafi: an canja boris, bel na huɗu.
Bakwai suka shiga.
Bakwai.