Gurbi Biyu a Takarda

Shekara talatin da ɗaya na yi a biron haihuwa,
a meri ta Maraɗi, taga ta uku daga ƙofa.
Bik shuɗi, tambur, da babban kaye mai cin kunne.
Takardar gurbi biyu gare ta:
sunanka, sunan ubanka.
Ba a bar wa dalili gurbi ba.

Amma dalili shi ke fara shigowa,
ya zauna bisa benci kafin mai shi ya yi sallama.

Wani mai lambu daga Jirataua ya ce a rubuta Anaruwa.
Na ce, wannan ba liman ya raɗa ba.
Ya ce, na liman yana nan, Idi ne.
Sai dai daren da yaron ya faɗo
gulbi ya ciko har gindin mangwaro,
ungozoma ta iso da zane sharkaf.
In na kira Idi, bakwai za su waiwayo a unguwarmu.
In na kira Anaruwa, har daminar sai ta amsa.

Bafillace ya kawo Sambo, ya ɗaga yatsu biyu.
Ɗa na biyu ke nan, magana ta ƙare;
su da lissafi suke kira,
yadda suke ƙirga maruƙa da almuru.

Ba'abzine daga wajen Dakoro ya tsaya a kaina
sai na sa masa "ag" tsakanin sunansa da na ubansa.
Harafi biyu tak.
Ya ce igiya ce, kada in kwance masa raƙumi.

Bayarabiya mai shagon kwanoni a babbar kasuwa
ta ce Yetunde, wato uwa ta komo:
da azumi ta tafi, da layya ta dawo a zanen goyo.
Na ce, mu ma muna maida su,
kunya ce ke hana mu kama sunan,
sai mu ce Ummi, mu ce Abba,
mu riƙa gaida jariri muna sunkuyar da kai.

Duk na rubuta. Nawa ne kawai na ɓoye.

Huɗu Gwamma ta binne kafin ni,
ba wanda ya kai ga yaye.
Ni da na zo, ta naɗe ni a tsumma,
ta kai ni juji bayan danga, ta juya baya,
don mutuwa in ta biyo ta ɗauka shara ce.
Maƙwabciya ta yi kamar tsintuwa ta yi.
Ajuji.
Mushe a lakkol ya ƙara masa haruffan da ban san su ba,
yara suka ƙara masa toshe hanci.
Da na sami kujera sai na datse shi:
A. Nomau.
Shekara talatin da ɗaya ina sa hannu da guntun kaina.

Jiya jikata Zuwaira ta dawo da aikin gida.
An ce kowa ya tambayo asalin sunan gidansu.
Ta buɗe kaye, ga shi nan a bayan sunan ubanta,
cikakke, ba ɗigo, ba datsewa.
Ashe abin da na ɓoye a aljihu
ya zama ƙofar gidan da za ta fito.

Na faɗa mata komai, har tsumman, har dangar.
Na jira dariya.

Ta ɗan tauna gindin bik, ta ce,
Kaka, ai a juji kabewa ta fi girma.
Sannan ta tambaye ni sunayen huɗun nan.

Biyu na tuna.
Sauran biyun, mai riƙe da su tana maƙabartar Tibiri,
kuma ba su taɓa zuwa tagata ba.