Ƙugiyar Yumɓu

Alli ya ƙare tun ranar Talata.
Na dubi allo, allo ya dube ni.
Na ce, yara, ku tashi mu gangara bakin kududdufi,
kowa ya cika tafinsa da yumɓu.

A inuwar darbejiya muka baje,
'yan aji biyu na firamaren Aujara,
su arba'in da bakwai, har da ƙanin Barira
da ta goyo don uwarsu ta tafi ciran gyaɗa.

Aka murza, aka lanƙwasa, aka shafe da yawu.
Haladu ya gina B mai tumbi biyu,
ya ce Sarkin Fawa ne bayan walima.
Mansura ta yi wa ɗ ƙugiya siririya
kamar wutsiyar kunama ta ji motsi.
Muka shanya baƙaƙe da wasula a kan buhun taki,
rana ta gasa mana su ba ta karɓi ko sisi ba.

Akwai Tasi'u.
Shekara guda yana zama bayan ƙofa,
in na kira shi ya karanta
sai ya karanta yatsun ƙafarsa.
Ran nan ya tsuguna, ya jera guda huɗu,
ya bi su da ɗan yatsa, a hankali,
kamar mai lalubar ƙaya a diddige,
ya ce: ƙasa.

Ban gama buɗe baki ba
ƙanin Barira ya rarrafo ya dafa,
ƙugiyar ta ɓalle, ɓas.
Haladu ya leƙo ya karanta da ƙarfi,
"Kasa! Tasi'u ya kasa!"
Dariya ta tashi kamar jan baki daga gonar gero.

Na zaci zai koma bayan ƙofa.
Sai ya tsinci guntun, ya jiƙa, ya liƙa,
ya riƙe har ya kama.
"Malama, ashe tsakaninsu bai kai ƙwayar wake ba."

Wake kuwa muna da shi.
Mun shuka a gwangwanin tumatir guda uku:
ɗaya a taga, yana shan ruwa yana shan hantsi,
ɗaya mun hana shi ruwa, don mu gani,
ɗaya a cikin akwatin rajista, cikin duhu.
Kullum Mansura na auna su da tsinken tsintsiya,
ta karya daidai tsawon, ta manna a bango da ƙaro.

Kwana biyar, na taga ya fasa ƙasa.
Mai ƙishirwa shiru, har yau shiru.
Da muka ɗaga murfin akwati
ga na duhu, fari fat, dogo, siriri,
wuyansa a tanƙware, kansa a sunkuye.

Na shirya jawabi a kan haske da ganye,
na kwana ina bitarsa.
Tasi'u ya riga ni.
"Ku duba," ya ce, "shi ma da ƙugiya ya fito."

Aka yi cincirindo, kai a kan kai.
Na ninke takardata na sa a jaka.

An kawo alli ranar Litinin, kwali guda.
Yana nan a kan tebur.
Har yanzu in zan yi alwalar azahar
sai na ɓanɓare yumɓu a ƙarƙashin farce.