Ƙoƙon Kan Sanda

Shekara shida ina gadi
a tashar auna yanayi, bayan madatsar Dadin Kowa.
Na san ma'aunin ruwan sama, mazurari ne kawai.
Na san fankar iska mai kofi uku.
Amma ƙoƙon nan na kan sanda,
ɗan mitsitsi kamar rabin ƙwan zabo,
mai sheƙin madubi,
shi ya hana ni sakat.

Kullum da hantsi Kaltume za ta hau tsani,
ta goge shi da ƙyalle
kamar mai share wa jinjiri fuska.
Na ce, "Injiniya, me yake kallo,
dare da rana ido buɗe?"

Ta ce, "Baba Manga, ba kallo yake ba.
Ka taɓa bin gefen katanga bayan magariba,
ka ji tana hura maka zafin da ta sha da rana?
Shi ma haske ne.
Inda jan bakan gizo ya ƙare, nan ya fara.
Ido ba ya kama shi, fata ke ji.
Murfin nan yana korar hasken rana,
wancan kaɗai yake bari ya shige.
A ciki akwai baƙin faifai, bai kai kwabo ba,
da siraran wayoyi a ƙarƙashi.
In sama ta ba shi ɗumi, ko ta ƙwace nasa,
sai wayoyin su haifi 'yar wuta,
akwati ya rubuta lamba."

Na gyaɗa kai. Ban ce na gane ba.

Daren Laraba sama ta yi wasai,
taurari har cikin ruwan dam.
Na leƙa allon, lamba ta sauka.
Wajen ƙarfe uku girgije ya taso daga gabas,
ko ɗigo bai zubar ba,
amma lamba ta hau, ta ƙara hawa,
ni kuwa na yaye bargo ban sani ba.

Sai na tuna Inna, a Hinna.
In sama ta yi garau
takan ajiye ruwa a kasko tsakar gida,
ta ce, "Bar shi, sama za ta sha zafinsa."
In da hadari, ba ta ma wahalar da kanta.
Ba waya, ba akwati.

Da safe na faɗa wa Kaltume.
Ta tsaya cak a kan tsani, ƙyalle a hannu,
ta ce in maimaita, a hankali.
Ta laluba jaka tana neman biro.