Bakin Hukuma

Ƙarfe huɗu na yamma takardar ta sauko
daga bene na shida, da ɗumin inji a jikinta:
kashi goma sha ɗaya kan wuta, takwas kan ruwa.
Masu lissafin sun ɗauki makullan motocinsu.
Ni aka bar wa faɗi.

Shekara tara ke nan ina kan wannan kujera.
Darakta, in ji katin da ke wuyana,
mai ma'aikata goma sha biyu
da waya biyu masu kuka tare.
Na iya shafa wa magana man kaɗanya
har ta wuce maƙogwaro ba a ji ƙayarta ba.

Okai, mataimakina, ya kawo daftari.
"Daidaita farashi", haka ya rubuta.
Na leƙa taga: Ankara ta cushe,
torotoro na bin torotoro har Sakul,
masu ruwan leda suna ratsa hayaƙi.
Na ja layi kan "daidaita",
na rubuta "ƙari".
Ya ce, Madam, na sama ba za su so ba.
Na ce, na ƙasa ma haka,
amma ko ka kira barkono tumatir
harshe ya san abin da ya taɓa.

Da asuba, gidan rediyo uku.
Turanci a na farko, Tonanci a na biyu,
na uku Hausa,
kuma nan muryata ta yi rawa,
don Hausa ba ta ba ni aljihun ɓoye hannu.

Ran Asabar muka kafa rumfa a Nima,
taku kaɗan daga lungun da aka yanke mini cibiya.
Kujerun roba ɗari biyu, duk sun cika
da waɗanda suka san ni tun ina tallan koko.
Baba Sando mai walda ya miƙe,
ya ture lasifikar da aka miƙa masa.
"Zuwera 'yar Humu,
kwana uku a makon jiya ƙarfena bai ga tartsatsi ba.
Shi duhun ma an ƙara masa kuɗi ne?"
Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Akwai amsa a shafi na huɗu,
gogaggiya, lauya ya sa mata hannu.
Na rufe fayil ɗin.
Na ce, Baba, ban san abin da ya sami layinku ba.
Ba ni lambar mitarka, ka ba ni mako biyu.
Sai layi ya miƙe har bakin titi:
tela, mai aski, mai niƙa,
wata da kifinta ya ruɓe a firji.
Lamba ɗari da arba'in da bakwai
muka rubuta kafin la'asar.

Litinin na hau bene na shida da littafin.
Shugaba ya ce aikina isar da saƙo ne.
Na ce, ranka ya daɗe, baki aka ɗauke ni, na yarda,
amma baki marar kunne ai na tulu ne.
Ya karɓa, ya ajiye gefen shayinsa.
Ban sani ba ko ya buɗe.
Saura kwana goma sha biyu a alkawarin Baba Sando.

Da dare na biya ta gidan Mma.
Mitar bango tana ƙara, kuɗinta ya kusa ƙarewa,
firjin ƙanƙararta na nishi a zaure.
Ta ce, na ji ki a rediyo.
Ban ji daɗi ba, amma na gane,
karo na farko tun da kika fara wannan aiki.
Sannan ta kwance bakin zani, ta miƙo kati:
sa mini na sidi hamsin, Darakta,
ki zauna mu ga inda zai kai.