Jan Zobe, Farin Ɗigo

Bana gwiwa ta ƙi Baba.
Sai ya turo mini gwangwani biyu,
ɗaya ja, ɗaya fari,
da buroshin da rabin gashinsa ya zube,
da ɗan littafin da gumi ya ci gefensa.
"Tinkara," ya ce, "ja tukuna.
Bar shi ya sha iska. Fari sai kin juyo."

Na bar Bohinj da duku-duku,
gajimare kwance a kan tabkin
kamar baƙon da bai ji gari ya waye ba.

Makiyaya ce farko.
Ciyawa har ƙauri, jiƙe sharkaf,
ƙararrawar wuyan shanu na gaida juna.
Lovro mai cuku ya leƙo daga bukkar katako:
"Ina tsohon?"
"Yana gida, suna rigima da kujera."
Ya yanko mini, ya ƙi karɓar kuɗi.
Nan babu itacen shafa wa alama,
sai dutsen da saniya ba za ta ture ba.

Daga nan kurmi,
dogayen itatuwa masu ganye kamar allura,
ƙasa mai laushi da ba ta riƙe sawu.
Shekara arba'in da ɗaya hannun Baba na bin nan,
zobe bayan zobe, daidai idonsa,
ni kuwa sai na yi ɗage.
Itace ya yi ƙiba, zobe ya wage baki,
wani ya tsage,
wani gansakuka ta haɗiye.
In kankare, in shafa, in wuce.
Iskar hunturu ta kwantar da wani ƙato,
alamarsa na kallon sama
tana nuna wa hankaka hanya.

Littafi ya ce ɗari biyu da sha tara
kafin tabkin da ke bisa.
Ni na ƙirga ɗari biyu da ashirin.

Na ƙarin yana hagu,
inda hanya ba ta da sha'ani,
a jikin dutse mai doron kunkuru,
jansa ya koɗe ya koma kalar tsatsa.
Na bi. Taku sittin cikin sarƙaƙiya,
sai ga ruwa.
Ɗan mitsitsi, jifa ɗaya ta ƙetare shi,
kore, shiru, ana ganin tsakuwar gindinsa.
A baki, falalen dutse, mazaunin mutum biyu,
da haruffa biyu na jan fenti.

Jernej. Mojca.

Mama, mai cewa hawan dutse aikin awaki ne.
Mama, da muka rufe shekara tara ke nan
ba ta taɓa ce mini ta zo nan ba.

Doka kuwa Baba ne ya koya mini:
alamar ƙarya ta fi rashin alama kisa.
Wanda dare ya ritsa da shi, fitila a goshi,
zobe yake nema,
ba ruwansa da wanda ya so wa.

Makankari na hannuna.
Na zauna ta ɓangarenta,
na cinye cukun Lovro tas,
na tsoma ƙafa, sanyi ya kama ni har haƙori.

Ban kankare ba.
Ban kuma sabunta ba.
Na jawo busasshen reshe
na jingina a fuskar zoben ta wajen hanya,
sauran aikin na bar wa ruwan sama.

Da na juyo, na bi su ɗai-ɗai da fari,
kowane zobe ya buɗe ido.

Na iske shi a ƙofa, bargo a cinya.
"Nawa?"
"Ɗari biyu da sha tara."
Ya dubi hannuna, ja da fari.
Ya dubi safata, ƙaya ta yi mata ado,
da koren taɓon da ba na kan hanya ba.
Ya daɗe yana juya murfin gwangwani.

"Har yanzu," ya ce,
"akwai ruwa a ciki?"