Zobe a Kan Faranti

Kwalba ta arba'in da uku ta iso labo da la'asar,
an rubuta da jan bik: Nomau Cifkau, shekara huɗu, Kwaloma.
Ban ga yaron ba. Abin da ya fito daga cikinsa na gani:
cokali guda, majina da jini,
babu ko ɗigon kashi a ciki.

Kakarsa ta ƙi sakin kwalbar sai da ta faɗa mini duka.
Ya tsuguna sau ashirin tun asuba,
yana yunƙuri kamar mai naƙuda, ba abin da ke fita,
jiki kamar dutsen guga,
daren jiya ya sandare, idanu sama.
Atini ne, in ji ta, mun san shi tun ba a haife ki ba.

Na shafa a faranti, na sa a tanda mai ɗumin jikin mutum,
don wannan baƙuwa ba ta da masauki sai cikinmu.
Wuta ta ɗauke tsakar dare.
Na lulluɓe tandar da zanena
ina sauraron injin asibiti yana tari.

Da safe ga su, ɗigo-ɗigo, koɗaɗɗu,
tsakanin jajayen maƙwabta masu shan zaƙin madara.
Shigela. Ƴar sanda a ƙarƙashin madubi,
ba ƙafa, ba wutsiya, ko iyo ba ta iya ba.
Yaya gurguwa ta iso Tawa?
Hannu ne jakinta. Ƙuda kan rage mata hanya,
buta, bakin randa, ƙoƙon da kowa ke tsomawa.

Ba ta bukatar runduna, goma ma sun isa.
Tsamin tumbi bai narka ta.
Can babban hanji mai gadi ya haɗiye ta,
ta fasa cikinsa ta fito,
ta faɗa ɗaki, ta ari zaren gidan ta tufka igiya,
da ita take tura kanta ta bango, ɗaki zuwa ɗaki,
ba ta sake taka tsakar gida.
Gyambo take bari. Shi ne jan da na gani.

Likita Rabi'atu ba ta jira ni ba, kuma ta yi daidai.
Ruwan gishiri da sukari, kurɓi bayan kurɓi,
zinki na kwana goma, sifro na kwana uku,
kunu ko yana turewa.
Ta karɓe ƙwayar tsai da zawo daga bakin zanen tsohuwa:
Inna, ba a kulle ƙofa ɓarawo yana ciki.

Ni nawa aikin shiru ne.
Na jera ƴan takardun magani a sabon faranti,
kowace da alkawarinta, na ba su dare ɗaya.
Wanda ya ci ta, zai share fili kewaye da kansa.
Baktirim, wanda mai tire ke sayarwa bibbiyu a tasha,
ta yi fure har bisa kansa.
Amfisilin ma haka.
Sifro kaɗai ya yi zobe.
Na aza ma'auni, na buɗe littafin bara, na sake azawa.
Zoben ya tsuke.
Ba da yawa ba. Kamar bakin tabki a watan bakwai,
mai wucewa ba ya lura, mai ban ruwa ya sani.

Rana ta uku na zaga ɗakin yara don in ga mai kwalbar.
Yana zaune, wuya kamar kara,
yana faɗa da kakarsa kan ludayi.
Ta ce mini sau biyu kawai yau, kuma rawaya.
Ban gaya mata zancen zobe ba.

Na koma. Dambuna ya huce bisa taga.
Famfo ya yi gyatsa, bai kawo ba.
Na karkata jarka da gwiwar hannu,
na cuɗa sabulu har ƙarƙashin farce,
na ɗauraye, na tsaya,
na sake.