Tambaya Ta Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da uku ina bin sawunsu,
yara arba'in, daga Bolari har Jekadafari,
da rakoda mai cin kaset, da biro, da jakar fata.
Sannan ko silin furfura ba ni da shi,
su kuwa mazan cikinsu murya ba ta buɗe ba.

Goman farko na takarda ne:
suna, shekaru, aji, sana'ar uba.
Ta goma sha ɗaya tawa ce:
"Yaushe ka san ka girma?"

Barkindo ya ce, "Ran da na sauke buhun wake a Tudun Hatsi,
aka ƙirga min kuɗi a tafin hannu,
ban kai wa kowa ba."
Bayan shekara shida ya ce in goge.
"Malama, ashe ran da na kai gida ne."

Lamela 'yar Kaltungo sai a zuwa na huɗu ta amsa,
tana ɗinki, allura a leɓenta:
"Ran da likita ya tsallake yayyena maza biyu,
ya yafito ni baranda,
ya faɗa min sunan ciwon Baba."

Gidado ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa,
takardun na cikin leda a ƙarƙashin katifa,
katifar na ɗakin zauren mahaifinsa.
Gemu ya cika, har fari ya soma leƙowa.
Ya ce, "Bar gurbin haka nan.
In ranar ta zo, zan buga miki waya."
Na sauya waya sau biyar, ban sauya lamba ba.

Littattafan da na ci jarrabawa da su
tsani suka zana:
makaranta, aiki, aure, gidan kai,
taka wannan ka kama wancan.
A nan na ga wanda ya tarar an zare matakala biyu,
na ga wadda ta ciyar da ƙanne uku
kafin ta isa yin katin zaɓe,
na ga mai hawa yana sauka,
yana dariya don kada a tambaye shi.

Na kai su babban taro a cikin allo,
minti goma sha biyar aka ba ni,
aka kaɗa ƙararrawa ina tsakiyar Lamela.
Gara ta ci min kwali biyu a wani dogon yajin aiki.
Shugaban sashe ya ce, "Arba'in ai ba adadi ba ne,
ki nemo dubu."
Na ce arba'in ɗin ma sun koma talatin da shida.
Biyu hanyar Bauchi ta ɗauke a mota ɗaya,
ɗaya haihuwa,
ɗaya ya nufi Agadas, shiru har yau.
Jadawalina ba shi da layin da zan sa su.
Sai na bar lambobinsu a inda suke.

Bara aka ce na zama farfesa.
An dafa shinkafa, an yi jawabi, an watse.

Makon jiya a asibiti
wata nas ta ɗaura min abin awo a damtse,
ta ɗago, ta ce, "Lamba sha bakwai ce, Malama. Dudu."
Tana matsa robar tana murmushi:
"Yau ni ke da biro.
Ke yaushe kika san kin girma?"

Na buɗe baki, littafi uku a bayana,
babu wanda ya taso.
Abin da ya zo min shi ne wata safiya,
ina da hamsin da biyu,
Inna zaune a kan darduma, kofin shayi a gabanta,
ta riƙe cokali a bakin gwangwanin sukari,
ta dube ni kamar mai neman izinin fita,
ta ce, "In ƙara ɗaya?"

Dudu ta kwance robar.
Ta ce jinin ya ɗan hau,
in dawo ran Talata.